Takardar Siminti Kafin Shadda

Mu uku muka bar Achilafiya bayan an gama girbin gero, muka nufi Kazaure koyon ɗinki. A tunaninmu, duk wanda ya iya taka keke ya zama tela.

Sai ga shi wata guda cur ba mu hau keken Butterfly ɗin da ke shagon ba, in ban da goge masa ƙura da ɗiga masa mai. Aikinmu hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, da warware ɗinkin da ya karkace. Da gunaguninmu ya yi yawa, Maigida ya jefo mana wani naɗi na takarda mai ruwan ƙasa, irin wadda ake kira takardar siminti. Ya ce, "Ga shaddarku nan. In kun ɓata wannan ba mai kuka."

A kan takardar nan muka haɗu da lissafin da muka guje wa a makaranta. Tef ɗin awo inci 60 ne, yadi ɗaya inci 36. In ka auna ƙirjin mutum ka samu inci 40, ba 40 za ka zana ba. Riga gaba ce da baya, kuma a ninke ake yanka kowanne, don haka sai ka raba gida huɗu, ka samu 10. Sannan ka ƙara inci 2 na sakewa, domin mai rigar zai yi numfashi, zai ɗaga hannu, zai yi ruku'u da sujada. Sai rabin inci na bakin ɗinki. Muka gane cewa kafaɗa gangarowa take yi, wuyan gaba ya fi na baya zurfi, ramin hannu kuwa in ya matse, ko aikin wuya na dubu nawa ka ɗora, rigar ba za ta sawu ba.

Shi Maigida ba ya amfani da takarda. Alli kawai yake ja a kan yadi, ya bi da almakashi. Da muka tambaye shi, ya ce tasa takardar a ka take, kuma shekaru ya yi yana zana ta. Mu dai muka ɗauka rowar sirri yake mana.

Goman ƙarshe na azumi, shago ya cika maƙil, sai ga wani dattijo daga garinmu. Riɗinsa ya sayar, ya je Kantin Kwari a Kano ya yanko shadda yadi 5, kaftani da wando na ɗansa da za a ɗaura wa aure bayan Sallah. Ya miƙo mana ledar ya ce, "Ku 'ya'yana ne, hannunku nake so a kai."

Daren nan Maigida ya tafi masallaci, muka ce ga ranar nuna kai. Muka ture takarda gefe. Ɗaya ya riƙe tef, ɗaya ya ja alli, ɗaya ya bi da almakashi, shi ya sa har yau ba wanda ya iya ɗora wa ɗan'uwansa laifin. Mun raba ƙirji gida huɗu daidai, amma inci biyun nan na sakewa ba wanda ya tuna da su. Da angon ya zo gwaji, rigar ta tsaya masa a kafaɗa ta ƙi sauka.

Maigida bai yi faɗa ba, kuma shirun ya fi faɗan ciwo. Ya ɗauki yadin wandon, ya fitar da ƙyalle biyu dogaye, ya dasa su a gefen rigar daga hammata zuwa ƙasa. Rigar ta tsira, wando ya rasa yadi. Sannan ya ce mu je da ƙafarmu mu gaya wa mai kaya.

Muka durƙusa a zaurensa muka ce, "Baba, mun yi maka ɓarna." Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye gaba." Kuɗin Sallarmu muka haɗa, ɗayanmu ya shiga motar Kano da guntun ƙyalle a aljihu, ya yini yana zaga Kwari. Ya samo mai kama, amma ba ita ba ce. Ranar ɗaurin aure kowa na kallon ango, mu muna kallon wandonsa, wanda a cikin rana ya ɗan fi rigar haske.

Yanzu muna da ɗan shagonmu a Achilafiya. A bango akwai ƙusa, a jikinta takardun awo ne rataye, kowace da sunan mai ita. Na yara sai mun sake su duk shekara, saboda sun girma. Yaron da ke koyo a wurinmu ya fara gunaguni a makon jiya, yana so a ba shi almakashi. Mun miƙa masa takardar siminti da alli, mun ce ya zano mana ƙirji inci 40.