Hoton da Muka Ɗauka a Dandin Mahe

Mu 'yan ajin ƙarshe mun daɗe muna son hoto guda wanda zai haɗa mu duka kafin jarrabawa ta watsa mu. Amma duk ran da mai hoto ya zo makaranta, sai ya jera mu sahu huɗu, fuskokin na baya su fito ƙanana kamar ƙwayar gero.

Malaminmu na kimiyya ne ya ba mu labarin wata kyamara mai suna Cirkut, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1904. Ita ba ta tsayawa cik. Ana ɗora ta bisa ƙafafu uku, a wana ta kamar agogon bango, sai ta dinga juyawa a hankali. Fim ɗin da ke cikinta yana wucewa ta bayan wata siririyar tsaga, haske yana faɗa masa kaɗan-kaɗan, har ta iya kewaya digiri 360 ta dawo inda ta fara. Makarantun Ingila sun daɗe suna ɗaukar dukan ɗalibansu da irinta. Malam ya ce akan sami ɗan ƙiriniya ya zaga ta bayan sahu a guje, ya riga kyamarar isa ɗaya gefen, ya fito sau biyu. Da Malam ya san halinmu, da bai faɗi wannan ba.

Wayar hannu ta yau tana yin kusan haka, sai dai mutum ne ke juyawa, ita kuma ta ɗinke hotunan. In aka haɗa da sama da ƙasa, mai kallo ji zai yi kamar yana tsaye cikin tulu yana duban ko'ina.

Ranar da muka fita ziyarar gonakin rani, muka bi ta Boɗinga muka isa Dandin Mahe, a ƙaramar hukumar Shagari. Da la'asar muka sami fili muka yi da'ira. Wani ɗan ajinmu mai shiru-shiru, wanda ya aro wayar yayansa, ya tsaya a tsakiya.

Karon farko ya yi sauri, komai ya cakuɗe. Karo na biyu jaki ya ratsa, ya fito da kai babu gindi. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Wanga yaro, lahiya kake juyi haka?" Dariya ta ɓata na uku. A na huɗu kowa ya riƙe numfashi, sai sarkin tsokanar ajinmu, wanda ya zaga a guje ya fito sau biyu, hagu da dama, haƙora a waje.

Sai a mota muka ƙidaya. Kowa ya fito, da Malam, da direba, har da dattijon nan, amma ban da mai ɗaukar. Ya juya sau huɗu cikin rana dominmu, ba wanda ya tuna ya karɓe shi. Muka roƙi direba ya tsaya a sāke, sai ga shi cajin wayar ya ƙare.

Bai yi ƙorafi ba. Da za a buga hoton a wannan littafi, muka duba da kyau, muka ga inuwarsa a kan yashi, doguwa, hannaye a ɗage. A ƙarƙashinta muka sa aka rubuta sunansa.