Itas: Yadda Yaro Ke Zama Ɗan Fito

Wanda ya bar Azare ya nufi Itas da rani ba zai yarda ana sana'ar jirgi a wannan ƙasa ba, domin kogin Jama'are ba komai cikinsa sai rairayi da 'yan kududdufai. Amma da zarar ruwa ya sauko daga tsaunukan Jos a watan Agusta, sai fadama ta cika maƙil, manomi ba shi isa gonarsa ta ƙetare sai da ɗan fito.

Ba a fara wannan aiki da riƙon filafili. Ƙwarya ake ba yaro ya riƙa kwashe ruwan da ke tsattsafowa cikin kwalekwale, sannan ya koyi ɗaure jirgi da gane inda ruwa ke juyi, kafin maigidansa ya yarda ya miƙa masa gora. Samarin da ke neman aiki a jiragen shaƙatawa na attajirai a Antib ta Faransa su ma da wanke daɓen jirgi suke farawa. Sai dai su ba a ɗaukarsu sai da takardar horon ceton rai da kashe gobara, bisa yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1978 wadda aka gyara a 1995.

Namu kuwa ba mai tambayarsa takarda, ba mai ƙirga mutanen da ya loda. A Nuwamban 2020 kwalekwale ya kife da mutanen Zangon Majiya a hanyarsu ta zuwa gona, 18 suka rasu, galibinsu yara. Ai kamata ya yi Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau ta zauna da sarakunan ruwa, a ƙayyade lodin kowane jirgi, a kuma ajiye rigunan ceto a kowane mashigi kafin damina.