Kafin a Jefa Ƙwallo Sama

Watan Yuni a Samaru wata ne na ƙamshin ƙasa. Ruwa ya zauna, manoma sun yi shuka, mangwaro ya fara ƙaranci a kasuwa, da la'asar kuma hadari kan haɗo daga gabas ya kore mu daga filin ƙwallon kwando tun ba mu ƙoshi ba. In ya tsagaita sai mu fito da tsintsiya mu kore ruwan da ya kwanta a kan siminti, mu ci gaba da wasa da ƙwallonmu guda ɗaya tilo, wadda tafin hannu ya cinye ƙurajenta har ta yi sulɓi. Kwandon ma ƙarfe ne tsirara, ba raga, shi ya sa kowace ƙwallo da ta shiga sai an yi gardama a kan ko ta shiga ɗin.

Wanda bai san Zariya ba zai yi mamakin yadda wasan Amurkawa ya yi saiwa a can. Albarkacin Jami'ar Ahmadu Bello ne, da irin su Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe yana koya wa yaran garin wasan. A garin nan Masai Ujiri ya tashi, wanda ƙungiyar da ya jagoranta ta Toronto ta ɗauki kofin NBA a 2019. Mu dai namu bai wuce na unguwa ba, muna da zuciya, tsawo ne bai ishe mu ba.

Bayan sallar isha'i majalisa kan koma teburin mai shayi. Har yanzu ina jin warin kananzir na risho haɗe da ƙamshin ƙwai da albasa, da ƙarar shayin da ake shiƙawa daga kofi zuwa kofi, ƙwari na kewaya fitilar ƙwai saboda an ɗauke wuta. A nan ne, a makon farko na Yunin 1995, muka yi musun da ya fi kowane musu daɗi a rayuwata. An riga an san masu karawa a wasan ƙarshe: Houston Rockets ta Hakeem Olajuwon da Orlando Magic ta Shaquille O'Neal. Wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai, kofi nasa ne.

Abin da muka sani game da su ɗan kaɗan ne. Akwai tsofaffin mujallu da suka bi hannu har bangonsu ya fita, akwai ɗan taƙaitaccen labarin wasanni a rediyo, sai kuma wani malamin jami'a mai satalayit da kan naɗa mana wasa a kaset, tunda ana buga shi ne da tsakar dare a agogonmu. Ɗan abin nan shi muke tauna mu sake taunawa, inda ya gaza kuwa kowa ya cike da abin da ransa ke so.

Telan unguwarmu shi ne jagoran 'yan Orlando. Ƙaton mutum ne mai son ƙarfi a komai. Yakan ajiye kofi ya ce, “Ku saurara, ƙannena. Yaron nan Shaquille shekararsa 23, ya karya allon kwando ya janyo shi ƙasa, shi ya fi kowa zura maki a bana. Naku kuwa shekara 32. Tsoho zai tare guguwa?” Daga nan sai ya fara lissafa mataimaka da yatsu: Penny Hardaway mai raba ƙwallo, Horace Grant da ya zo da kofi uku daga Chicago, Dennis Scott da Nick Anderson masu jifa daga nesa. Babbar hujjarsa kuma ya ajiye ta sai ƙarshe: su ne suka fitar da Chicago bayan Michael Jordan ya dawo wasa a watan Maris. A nan ko mu 'yan Hakeem mukan yi shiru na ɗan lokaci.

Malamin lissafi na sakandare shi ma yana ɓangarensa, sai dai shi da takarda yake zuwa. Orlando ta ci wasa 57 a kakar, Houston 47. Houston ta ƙare a ta shida a yankin Yamma, kuma ba a taɓa jin ta shida ta ɗauki kofi ba. Wasanni biyu na farko a gidan Orlando za a yi. Yakan ninke takardar a hankali ya ce lamba ba ta son kai. Mukan ce, “Malam, ai wannan lissafin ne ya ce Utah za ta fitar da su, ya ce Phoenix za ta fitar da su lokacin da take gaba da uku da ɗaya, ya ce San Antonio za ta fitar da su.” Sai ya yi murmushi ya ce sa'a ma tana da iyaka.

Ni kuwa ƙafafun Hakeem ne suka saye ni. Ɗan Legas ne da ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa, bai kama ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi, kuma ana ganin wannan asalin a takunsa. Ya yi kamar zai bi dama, ya juya hagu, ya ɗaga ƙwallo mai tsaronsa ya tashi sama a banza, shi kuma ya sulale ta ƙarƙashi. Mun ga abin da ya yi wa David Robinson a zagayen da ya wuce, a daidai lokacin da aka ba Robinson kambun gwarzon shekara: sama da maki 35 a kowane wasa in aka raba. Sannan ga Clyde Drexler, abokinsa tun jami'ar Houston, wanda aka ɗauko daga Portland a watan Fabrairu yana yunwar kofi. Hujjata ke nan, kuma washegari duk sai mu je fili muna gwada juyin nan, muna faɗuwa a kan jiƙaƙƙen siminti.

Amma gaskiyar magana, abin ya wuce taku. Shekara ɗaya kafin nan mun ɗanɗana wani mako da ba ya mantuwa. Ranar 21 ga Yunin 1994 Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, ya riƙe raga yana kuka a Dallas, washegari kuma a Houston, cikin jiha ɗaya, Hakeem ya doke New York a wasa na bakwai. A lokacin da abubuwa suka yi wa ƙasa tsauri, ga layin mai ga tsadar abinci, waɗannan mutum biyu suka sa muka riƙa tafiya da ɗaga kai. Wani ɗalibin shari'a a cikinmu kan tuna mana cewa Hakeem ya karɓi takardar zama ɗan Amurka tun 1993, don haka mu daina cewa namu. Ya faɗa ne da ciwo a muryarsa, kuma da aka matsa masa ya faɗi wanda zai ci, Houston ya ce.

Ladanin masallacinmu, dattijo ne da bai taɓa kallon wasan ba ko sau ɗaya, shi ma ya shigo musun. Ya ji an ce mutumin yana wasa da azumi a bakinsa, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun shekarar, watan da ya zo daidai da Ramadan. Wannan ya ishe shi. Tela ya ce, “Baba, ai ba da carbi ake jefa ƙwallo ba.” Baba ya ce, “Ɗan nan, wanda ya iya ƙishirwa ya iya haƙuri, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.” Shi ne kuma ya hana a sa ko sisi a kan maganar, ya ce caca ce. Aka tsaya a kan cewa ɓangaren da ya faɗi shi zai riƙa share fili har damina ta fita. Mai shayi kaɗai ne bai da ɓangare. Addu'arsa dai a kai wasa na bakwai, don ciniki ya daɗe.

Wasan farko mun kalle shi ne da yammacin washegari, bayan mun yini muna gudun rediyo da duk wani mai bakin ba da labari. Muka cika falon malamin jami'ar, takalma jibge a ƙofa, matarsa ta aiko da zoɓo. Orlando ta yi gaba da tazarar maki 20, tela ya miƙe yana tambayar inda aka ajiye tsintsiya. Saura daƙiƙa goma da ɗoriya a tashi, suna gaba da maki uku, aka yi wa Anderson ƙeta aka ba shi jifa ba mai tare shi. Ɗaya kacal yake bukata. Ya zubar da biyu, ya sake cafe ƙwallon, aka sake yi masa ƙeta, ya sake zubar da biyu. Kenny Smith na Houston ya jefa mai maki uku aka yi kunnen doki, a ƙarin lokaci kuma Hakeem ya taɓa ƙwallon da Drexler ya ɓarar ta faɗa kwando, aka tashi 120 da 118. Sauran ukun ma Houston ta cinye. Mai shayi ya fi tela baƙin ciki.

Abin da na fi kewa shi ne makon nan na kafin a fara, lokacin da kowa ke da gaskiya. Hasashen mutum yakan fallasa halinsa: mai son ƙarfi, mai son lamba, mai son dabara, mai son ibada, mai fushi da wanda yake ƙauna. A musun ƙwallo na fara sanin mutanen da na zauna da su shekaru, kuma a nan na koyi a yi sa-in-sa da babba ba tare da an zubar masa da girma ba.

Yau jikokina sun fi mu sani nesa ba kusa ba. Kafin a buɗe baki waya ta kawo lissafin kowane ɗan wasa, har da inda yake tsayawa in zai yi jifa. Musu ba ya kai minti biyu an duba an yanke. Ba na ganin laifinsu, da mu ne ma da mun duba. Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne yadda hasashe ya koma tikitin caca a hannun wasu samarin, har mutum ya rasa wanda yake so sai wanda zai kawo masa riba. Mu kam talauci da tsawar Baba sun tsare mu daga wannan.

Baba ladan ya rasu tuni, Allah ya jiƙansa. Malamin lissafi ya yi ritaya ya koma garinsu. Tela yana nan, ido ya yi rauni, yara ke zura masa zare. Ya share filin nan har kaka ba tare da ƙorafi ba, amma bai taɓa sallamawa ba. Duk sanda na leƙa shagonsa, kafin mu gama gaisawa sai ya ce, “Ƙanena, Shaq kofi huɗu ya ɗauka daga baya, naka biyu. Kuma da Anderson ya jefa ɗaya, wallahi da ku kuka riƙe tsintsiya.” Ni kuma sai in ja benci in ce, “Yaya, aika a kawo shayi, yau sai mun gama maganar nan.”