Filafilin da Ake Fara Naɗewa

Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Teku ma sau biyu na gan shi, duk a Legas, ta gilashin mota. Amma wata bakwai ke nan da na ɗora wa kaina karatun jiragen da iska ke turawa, har matata ta fara tambaya ko aiki na samu a ruwa.

Abin ya samo asali ne daga jajibirin Babbar Sallah. Manhajar biyan kuɗi da nake wa aiki ta tsaya cak da yamma, daidai lokacin da mutane ke tsaye a kara, rago a gabansu, waya a hannunsu. Da muka bi diddigi, sashen tura kuɗi lafiyarsa ƙalau. Wani ɗan ado ne da ni na rubuta, mai nuna wa mutum jadawalin abin da ya kashe a wata, ya yi ta yi wa rumbun bayanai tambayoyi har ya toshe wa kowa hanya. Muka nemi kashe shi, babu makunni. Na ɗinke shi da jikin manhajar, don ban taɓa kawo ranar da za a so cire shi ba.

Kwana biyu bayan haka, barci ya ƙi zuwa, YouTube ta kai ni kan wani tsohon fim da Irving Johnson, wani Ba'amurke, ya ɗauka a 1929 a cikin Peking, jirgin Jamusawa mai jigo huɗu, suna zagaye ƙurewar Kudancin Amurka cikin guguwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jigon: can sama fayau yake, babu ƙyalle ko ɗaya, sai 'yan filafilai kaɗan a ƙasa.

Filafilai su ne manyan zannuwan tamfol da ake buɗe wa iska. A irin waɗannan jirage ana rataya su ne a jikin gungumen da ke gicciye da jigo, hawa-hawa. Shi kansa jigon, a jiragen katako na dā, ba itace guda ba ne. Gaɓa uku ce: ta ƙasa mai kauri da ta nutse har gindin jirgi, ta tsakiya, sai ta sama siririya. Ta tsakiya da ta sama kowace tana zaune a kan wani ƙarfe ko katako da aka soka mata a gindi. In aka ɗan ɗaga ta da igiya aka zare shi, sai a sauko da ita ƙasa lami lafiya. In kuma iska ta riga mutane, siririyar ce ke karyewa, a sare igiyoyinta a bar wa teku, gindi yana nan.

Matuƙan Ingila sun yi wa filafilan sama sunaye na ƙasaita. Akwai na sarauta, a samansa akwai na samaniya, wasu tsirarun jirage ma suna da wanda ake wa kirari da mai yi wa wata manjagara. Amfaninsu a ranar da iska ta yi sanyi ne, don a sama ta fi kaɗawa. Amma in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ninkawa yake huɗu, kuma bugun da ya sauka a ƙololuwa ya fi na ƙasa iya kwantar da jirgi. Saboda haka masu manyan sunayen nan su ake fara naɗewa, a biyo ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Kowa a jirgin ya san jerin tun kafin hadari ya haɗu.

Cutty Sark, wanda aka ƙera a 1869 don jigilar ganyen shayi daga Sin, yanzu kuma yake ajiye a Landan, babban jigonsa ya kai kusan mita 47, kamar bene mai hawa goma sha biyar. A 1880 mai jirgin ya sa aka rage masa tsawo, aka cire na samaniya, don a rage ma'aikata. Tafiye-tafiyen da suka yi masa suna a jigilar ulu daga Ostireliya bayan wannan ragin ya yi su.

Wurin da karatun ya daina yi mini daɗi shi ne da na kai kan tambayar wa ke hawa. A al'adar jiragen, filafilin sarauta aikin yara ne masu koyon sana'a, wai don sun fi rashin nauyi. Yaro zai hau cikin dare, ya taka igiya guda da ke reto a ƙarƙashin gungume, ya kifa cikinsa a kai, ya yi ta jawo jiƙaƙƙen tamfol da hannu biyu, ba abin da ya ɗaure shi. Wanda ya ba da umarnin a bar filafilin a buɗe har iska ta yi ƙarfi yana tsaye a ƙasa.

Ranar jajibirin nan, wadda ke kan duti wata yarinya ce mai bautar ƙasa, watanta huɗu da mu. Ita ta sha kiran manya, ita ta ba da haƙuri a kan abin da ba ta san da zamansa ba, ni kuwa ina hanyar gida, waya ba sabis. Jadawalin dutin ni na tsara shi, kuma duk ranakun biki sababbi na zuba, ina cewa haka ake koyo.

Yanzu kowane ado a manhajar yana da makunninsa, da jerin wanda za a fara kashewa. Nawa ne na ɗaya. Jadawalin kuwa na gyara, jajibirin Sallah mai zuwa sunana ne a kai. Har yau ban gaya wa mahaifiyata cewa bana ba zan zo gida ba.