Kwana biyu a tanti a bakin tafkin Bunyonyi

Da aka kammala jarrabawa, mu biyar muka rage a ɗakin kwananmu a Kampala, domin kuɗin jirgin komawa Najeriya ya fi ƙarfin iyayenmu a wannan hutun. Zama ya ishe mu. Sai muka yi karo-karo, kowa ya zaro abin da ya rage masa na abinci, muka damƙa wa Bakatsinen cikinmu, tunda shi ko kwabo ba ya kuɓuce masa. Muka nufi tafkin Bunyonyi, can kudu maso yammacin Yuganda, dab da iyakar Ruwanda.

Daga Kampala zuwa garin Kabale kilomita 400 ne da 'yan kai, kusan yini guda a bas. Mun wuce Masaka da Mbarara, inda muka ga shanun Ankole masu ƙahon da ya sa Bafulatanin cikinmu ya manne da taga har muka wuce. Daga Kabale muka hau acaɓa, wanda a can ake kira boda-boda, muka yi ta hawan tudu. Da muka kai ƙololuwa sai ga tafkin kwance a ƙasanmu, ya kurɗa tsakanin tuddai, tsibirai 29 warwatse a cikinsa. Mutanen wurin, wato Bakiga, sun yanka tuddan hawa-hawa kamar matakala, sun shuka dankalin Turawa da wake da dawa tun daga bakin ruwa har sama. Mu da muka saba da gona shimfiɗaɗɗiya sai muka riƙa tambayar juna yadda mutum zai yi noma a nan bai gangaro ba.

Tafkin yana bisa tsayin mita 1,962 daga teku, kuma tsawonsa ya kai kilomita 25. Aman wutar dutse ne ya toshe kwarin tun zamanin da, ruwa ya taru. Ma'anar sunansa wurin ƙananan tsuntsaye masu yawa, kuma da asuba za ka yarda da wanda ya raɗa sunan. Har gauraka mun gani, tsuntsun da ke jikin tutar ƙasar.

Rigima ta fara ne a sansanin da muka sauka. Kwana a can iri-iri ne. Akwai mai zuwa da tantinsa ya biya kuɗin ƙasa kawai, akwai mai hayar ƙaramin tanti ya kafa da kansa. Sannan akwai manyan tantuna da aka ɗora a kan dandamalin katako, an yi musu rumfar ciyawa, ciki da gado da barguna da fitila, ga banɗaki mai ruwan zafi, ga baranda tana kallon tafki. Turawa suna ce wa irin wannan kwanan gilamfin, mu kuwa nan take muka sa masa tantin 'yan gayu. Kuɗin dare ɗaya a cikinsa ya ninka abin da mu biyar za mu biya gaba ɗaya.

Ɗan gayun cikinmu ya kafe sai a can za mu kwana. Ma'ajinmu ya dube shi ya ce, “Malam, in mun kwana a nan da ƙafa za mu koma Kampala?” Ya ce ai sau ɗaya ake zuwa. Ma'aji ya ce shi ma kuɗin sau ɗaya ake kashe shi. Aka yi ta ja-in-ja har wani ya tuna mana cewa sai ƙarshen wata za a aiko mana daga gida, in ma an aiko. Muka karɓi ƙananan tantuna biyu, ɗan gayu yana ta ƙunƙuni.

Mai gadin wurin, wani dattijo mai sanye da kwat biyu, ya nuna mana wani tudu ya ce mu kafa a can. Muka ce, “Baba, mun fi son kusa da ruwa.” Ya yi murmushi ya tafi abinsa. Wajen ƙarfe biyun dare aka kece da ruwan sama, duk ruwan da ya sauka a tudun ya biyo ta kwarin da muka zaɓa. Tabarmi, barguna, buhun garin kwakinmu, babu abin da ya tsira. Sanyin kuwa, ko tsakiyar hunturu a Kano bai kama ƙafarsa ba. Da muka lallaɓa rumfar girki muka tarar dattijon ya riga ya hura wuta, har ya jera kujeru biyar. Bai ce mana uffan ba, kuma shirun ya fi mana zafi a kan faɗa.

Alwalar asuba a ranar jarrabawa ce mai zaman kanta. Muka yi salla muna fuskantar arewa da ɗan karkata gabas, domin nan ce alƙibla a wannan yankin, abin da har yanzu jikinmu bai gama sabawa da shi ba.

Da rana ta fito muka shanya kaya, muka yi hayar kwalekwale irin wanda ake fafewa daga kututture guda. Da farko mun ce mu za mu tuƙa. Muka yi ta juyi a wuri ɗaya kamar katantanwa, yara suna wuce mu cikin nasu kwalekwalen suna dariya. Dole muka ɗauki matuƙi. Babu kada babu dorina a tafkin, amma bakinsa ba shi da tudun dafawa, taku kaɗan ka zurma, ga ukunmu ba su iya iyo ba. Duk mai niyyar zuwa, kada ya shiga sai an ba shi rigar hana nutsewa.

Matuƙin ya bi da mu ta tsibirin Bwama, inda wani likita ɗan mishan Baturen Ingila, Leonard Sharp, ya buɗe wurin jinyar kutare a 1931. Yanzu makaranta ce a wurin, ɗalibai da kwalekwale suke zuwa aji. Daga nan ya nuna mana wani ɗan mitsitsin tsibiri mai ciyayi, bai fi filin tsakar gida mai girma ba. Sunansa Akampene. A da, in yarinya ta yi ciki ba aure, nan ake kawo ta a ajiye, babu abinci babu kwalekwale. Ko yunwa ta kashe ta, ko ta faɗa ruwa ta nutse, ko kuma wani talaka da ba shi da shanun sadaki ya zo ya ɗauke ta ya aura. An daina wannan tun ƙarnin da ya wuce. Bafulatanin cikinmu ya tambayi matuƙin, shi kuma namijin wane tsibiri ake kai shi? Mutumin ya ci gaba da tuƙinsa. Mu ma muka yi tsit, domin kowannenmu ya san wata a unguwarsu da aka kora daga gida, alhali wanda ya yi mata yana nan yana shan shayi a bakin titi.

Daren na biyu a tudun dattijo muka kafa, muka yi barci har da minshari. Kafin mu tafi, ɗan gayu ya roƙi ma'aikatan wurin suka bar shi ya zauna a barandar wani tantin 'yan gayu da babu kowa, ya riƙe kofin shayi wanda ba komai a ciki, muka ɗauke shi hoto ya sa a Facebook. Ma'aji ya ƙirga abin da ya rage: kuɗin bas, da rolex ɗai-ɗai, wato wainar ƙwai da ake naɗewa cikin capati.

Ba mu kai Mbarara ba wayar ɗan gayu ta yi ƙara. Mahaifinsa ne, wani ya nuna masa hoton. Muna jin muryar Alhaji daga kujerar baya yana cewa tunda har akwai kuɗin kwana a irin wannan wuri, to na wata mai zuwa rabi zai aiko.