Daga Aboabo Zuwa Hanyar Sunyani: Neman Irin Kaji Na Ƙwarai

Duk wanda ya san unguwanninmu na Zango a Kumasi, tun daga Aboabo da Asawase har Sabon Zango da Akwatia Line, ya san da wuya ka shiga gidan haya ka rasa akurki a wani lungu. Mafi yawan kajin nan na iyayenmu mata ne. Da su ake fita kunyar baƙo, da su ake yin miyar Sallah, kuma idan aka koro yaro daga makaranta saboda kuɗin littafi, sau da yawa zakara ne ke zuwa kasuwa ya fanshe shi. Saboda haka zancen irin kaza ba ƙaramin zance ba ne a wurinmu. Tambayar ita ce, ina ake samun iri na ƙwarai? Wannan ne ya sa na yi amfani da hutun makaranta na zaga, don in kawo muku abin da idona ya gani.

Zangon farko shi ne Kejetia, domin nan ne ƙafar kowa take fara zuwa. Ga kaji a manyan kwanduna, ga zabi da aka sauko da su daga arewa, wajen Tamale da Bolgatanga, ga agwagi da talotalo. Mai neman na yanka ya zo gida. Amma mai neman na kiwo sai ya yi hattara. Kwando guda yakan haɗa kajin ƙauyuka da yawa, mai lafiya da marar lafiya, suna shan ruwa a gwangwani ɗaya. Mai sayarwa kansa sari ya yi, bai san uwar kazar ba, balle ubanta. Haka kuma jajayen kajin nan da ke cika kasuwa gab da Kirsimeti, tsofaffin kajin gona ne waɗanda suka gama zamanin ƙwansu. Sayen iri a nan cinikin biri a sama ne.

Daga Kejetia na shiga mota muka bi ta Sofoline, muka wuce Kwadaso, inda kwalejin aikin gona da aka kafa a 1922 take, muka ratsa Tanoso har Abuakwa. A nan hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Bibiani, ɗaya ta nufi Sunyani. Mu ta Sunyani muka ɗauka. Da an fita daga hayaniyar gari sai ka fara hango dogayen ɗakunan kaji masu rufin kwano da bangon waya, a tsakanin gonakin ayaba da rogo. A wannan yanki ne, a Akropong, gonar Darko Farms take, wadda Kwabena Darko ya kafa a 1967, ta kuma yi suna a ƙasar nan wajen ƙyanƙyasar 'yan tsaki. Wanda ya miƙe da wannan hanya, ya wuce Sunyani da Berekum, zai isa Dormaa Ahenkro kusa da iyakar Kwaddibuwa, garin da ƙwansa ke ciyar da kasuwanni da yawa na Ghana.

To, a nan akwai abin da ya kamata kowa ya fahimta. 'Yan tsakin manyan gonaki, irin su ISA Brown da Lohmann Brown, kaji ne da kamfanonin Turai suka haɗa daga zuriya daban-daban don su yi ƙwai kawai. Kaza guda takan yi ƙwai wajen 300 a shekara idan ta samu cikakken abinci, alhali kazarmu ta gida ba ta cika wuce 40 zuwa 60 ba. Amma da wuya su yi kwanci, kuma ko an ƙyanƙyashe ƙwansu, 'ya'yan ba sa fitowa daidai da iyayen. Wato duk zagaye sai ka koma ka sayi sababbi. Ga mai gonar ƙwai wannan ciniki ne mai kyau. Ga Hajiyar da ke son kaji goma da za su riƙa haihuwa a tsakar gida, ba su ne maganarta ba.

Su wa ke da irin da ke gadon iyayensa? A Ingila da Amurka akwai masu kiwo na musamman da ke kai kajinsu wurin nuni ana ba su maki. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ta kafu a 1873, ta Ingila kuma a 1877, kowace da littafinta da ya bayyana yadda kowane iri zai kasance, tun daga launi har tsayuwa. Ta haka aka adana irin su Rhode Island Red da Plymouth Rock da Sussex. Mu a nan abin da ya fi kusa da wannan shi ne Ranar Manoma. An fara ta a 1985, bayan fari da gobarar daji na 1983, kuma bisa al'ada ana yin ta ranar Juma'ar farko ta Disamba. Ban da babban taron ƙasa, gundumomi suna yin nasu, manoma su baje doya da masara da tumaki da kaji. Wurin nan ne ya dace mutum ya je da takarda da alƙalami, ya ga masu kyawawan kaji, ya tambayi ƙauyensu. Sayen kuwa sai a bari sai an je gida.

Irin wannan gida na sauka, a wani ƙauye da ke gefen hanyar, wurin wani dattijo ɗan Zango wanda ya saba kai kajinsa baje kolin gunduma. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, iri na zo gani." Ya yi dariya ya ce, "Ticha, to bari mu fara da iyayen." Bai nuna mini zakaran da ya fi kyau ba sai da ya zagaya da ni akurki uku. Ƙasa a share take, ba wari, ruwan sha garau, kuma ya ware manya daban, ƙanana daban. A jikin ƙofa ga wani tsohon littafin makaranta a rataye, inda jikansa ke rubuta ranar da kowace kaza ta fara kwanci, ƙwai nawa aka sa mata, nawa ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21, da ranar rigakafi. Wannan littafi ya fi duk wata rantsuwar ɗan kasuwa.

Ga abin da na koya wajen zaɓe. A ɗauki kaza a hannu, a ji nauyinta, a shafa ƙirjinta. Idan ƙashin ya fito kamar wuƙa, a ajiye ta. Ido ya zama garau, hanci a bushe, ƙafafu sumul ba ɓawo, yatsu a miƙe. A buɗe fiffike a duba ƙwarƙwata, a duba gindi kada a ga farin kashi ya manne. A sayi sagara wadda ta kusa fara ƙwai, kada a sayi tsohuwa. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, kuma ya fi kyau a samo shi daga wani gida dabam, domin idan jini ɗaya ya yi ta zagayawa, 'yan tsaki sukan fito raunana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai an ga barewar tukuna.

Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne, dattijon bai raina kajin nan masu wuya ba gashi ba, da masu gashi a murɗe waɗanda muke kira fingi. A wurin nuni ba su ne ke jan ido ba. Amma ƙarancin gashi yana taimaka musu jure zafi, kuma malaman sashen kiwon dabbobi na jami'ar KNUST sun yi bincike a kansu saboda wannan dalili. Ƙaton zakara mai gashi har ƙafa yana da kyan kallo, sai dai cinsa da yawa, ga shi zafin watan Maris yana wahalar da shi. Kyan kaza daban, amfaninta a tsakar gidan haya daban.

Saura maganar komawa gida, wadda a nan ne ake yawan yin asara. Sabuwar kaza, ko daga ina ta fito, a ware ta aƙalla mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Newcastle, wadda ke sa kaza ta yi zugum, ta murɗe wuya, takan share akurki cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi. Akwai wanda ake kira I-2, ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu. A tambaya a ofishin likitan dabbobi na gunduma. Kada kuma mu manta murar tsuntsaye ta shigo Ghana a 2007, ta dawo a 2015 da 2021. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da hukuma, kada a kwashe ragowar a kai kasuwa a jefa wani cikin masifa.

Shawarata ga iyayenmu mata masu adashi da matasanmu masu neman sana'a ita ce, gidaje huɗu ko biyar su haɗa kuɗin mota, su tura mutum ɗaya mai ido ya je har gidan mai kiwo. Kuɗin zai ɗara na kasuwa, amma araha ba ta ado. Kazar da aka san uwarta, aka ga littafinta, ita ce za ta cika akurki baɗi. Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, ya kare mu daga asara, amin.