Hannun Mama

A Kafanchan, da kuɗin citta iyaye mata da yawa suka sa 'ya'yansu a makaranta, kuma Mama tana cikinsu. Da hunturu takan zauna bakin ƙofa tana tsaga citta da 'yar wuƙa, ta shanya a rana, har yatsunta suka yi kanta. Yanzu yatsun sun kumbura. Ko ɗaura kallabin Zumuntar Mata sai ƙanwata ta taya ta, kuma na san wannan ya fi ciwon cin ranta.

Da cuta ta cinye gonakin citta a 2023, maƙwabciyarta Hajiya ce ta riƙa aiko mata da kunu. Har yau Mama tana tashi da asuba ta yi mana addu'a, kowa da sunansa, har jikokin da ba ta taɓa goyawa ba.